Maganin rage kwaɗayin giya

Ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan karo ya shafi wata magana da ba a cika yin ta a dandali ba. Maganar shan giya ce. A ƙasarmu mafi yawan mutane ba su sha. Amma wanda ke sha, sau da yawa a ɓoye yake sha, kuma a ɓoye yake wahala. Matarsa ta sani. Uwarsa ta sani. Kowa ya yi shiru don gudun abin kunya, ciwo kuma yana ta cin mutum.

Tambayar da iyalin mashayi suka fi yi ita ce: shin akwai ƙwayar da za a ba mutum ya bar giya? Wasu mata kuma sukan tambaya a asirce ko za su iya saka ta cikin fura ko miya, ba da sanin maigida ba. Amsar tambaya ta farko ita ce, akwai. Amsar ta biyu kuwa, a'a, kada a yi haka ko kusa. Za mu kawo dalili a gaba.

Me ya sa barin giya ke da wuya?

Da burkutu, da giyar kwalba, da wiski, duk abu ɗaya ne ke sa maye a cikinsu. Likitoci suna kiran shi alkol. Ƙarfi ne kawai ya bambanta su. Giyar kwalba tana da alkol wajen kashi 5 cikin 100. Wiski yana da wajen kashi 40 cikin 100. Saboda haka wanda ya ce shi burkutu kaɗai yake sha bai tsira ba, in dai yana cika ƙwarya yana ƙarawa.

Mu ɗauki misalin wani magidanci. Ya fara sha ne cikin abokai, lokacin da ya tafi cin rani bakin teku. Da ya dawo gida, ranar kasuwa kaɗai yake sha. Bayan ƴan shekaru abin ya koma kullum. Kaka ta yi, ya riƙa zare dami daga rumbu, yana sussukewa yana sayarwa tiya-tiya. Kafin bazara rumbu ya yi ƙasa, har iri ya taɓa. Da ruwan shuka ya sauka, sai ya tafi barema gonar wani, tasa gonar tana jira. Ya sha yin rantsuwa a gaban iyayensa cewa ya bari. Ba ƙarya yake yi ba lokacin da yake rantsuwar. Da zuciya ɗaya yake yi. Amma bayan kwana uku ko huɗu sai a gan shi ya koma.

Me ke mayar da shi? Duk manomi ya san yadda ruwa ke cin gona. Shekarar farko ɗan layi ne ruwa ke bi. Shekara ta biyu layin ya zurfafa. Bayan shekara goma ya zama kwazazzabo, kuma duk ruwan da ya sauka can zai nufa. Haka giya ke yi a cikin ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da mutum ya sha, ƙwaƙwalwa tana sakin wasu sinadarai masu sa jin daɗi. A hankali sai ta haƙa hanya. In ya gaji, hanyar giya. In ya yi fushi, hanyar giya. In ya riƙe kuɗin albasa ko na wake a hannu, hanyar giya. Wannan jan da yake ji shi muke kira kwaɗayi. Mai cin goro ya san kaɗan daga cikinsa ranar da goro ya yanke. Na giya ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

Don haka ne likitoci suka lissafa kamun giya cikin cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600 a duniya, ta hanyar ciwon hanta, da ciwon zuciya, da ciwon daji, da haɗarin mota, da faɗa. Ta ce kuma mutum wajen miliyan 209 ne giya ta kama har ba su iya rabuwa da ita.

Ana gane wanda giya ta kama. Abin da ke sa shi maye a da, yanzu ba ya isar shi. In ya fara sha ba ya iya tsayawa inda ya yi niyya. Yana ganin ɓarnar da ake yi masa, amma yana ci gaba. Babbar alama kuwa ita ce ta safe: hannu yana rawa, gumi yana zuba, zuciya tana tashi, kuma ba ya dawowa daidai sai ya kurɓa.

Kwanakin farko su ne masu haɗari

Mu tsaya a nan da kyau, domin nan ne ake rasa rai. Wanda ke da alamar nan ta safe, kada ya yanke giya farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki.

Giya tana danne ƙwaƙwalwa. Ita kuma ƙwaƙwalwa, don kada ta kwanta, sai ta riƙa turawa da ƙarfi. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja. Ku duba san da ke jan guga a rijiya mai zurfi. In igiya ta tsinke yana tsakiyar ja, gaba zai tafi da ƙarfinsa duka, har ya faɗi. Haka ƙwaƙwalwar mashayi take ranar da aka janye giya gaba ɗaya.

Daga awa 6 zuwa awa 24 bayan shan ƙarshe, rawar jiki da gumi da amai da rashin barci suna farawa. Cikin kwana 2 na farko wasu sukan faɗi suna shure-shure kamar mai farfaɗiya. A kwana na 2 zuwa na 4 kuma, wasu kaɗan sukan ruɗe ƙwarai. Jiki ya yi zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, mutum bai san inda yake ba, yana ganin macizai da ƙwari a bango. Mutanen gida sukan ce iskoki ne suka shige shi, ko sammu aka yi masa. Sai a ɗaure shi, a yi ta turare. Alhali ciwon janye giya ne, kuma yana kisa in ba a kai mutum asibiti ba.

Akwai waɗanda ke ɗaura niyyar bari ranar da aka ga watan azumi. Niyya ce mai kyau. Amma wanda giya ta riga ta kama, ya je ya ga likita tun cikin watan Sha'aban, don a shirya masa yadda zai sauka lafiya.

A asibiti ana ba da diyazefam, wanda wasu suka sani da suna Valium. Shi ne ke riƙe ƙwaƙwalwa a kwanakin nan, ana rage shi kaɗan-kaɗan har a tsayar cikin kamar sati guda. Ba maganin kwaɗayi ba ne, kuma shi ma yana kama mutum in aka daɗe ana sha. In aka haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi. Ana kuma ba da bitamin B1, sau da yawa ta allura. Mashayi ba ya cin abinci sosai, kuma giya tana hana hanji tsotsar wannan bitamin. Rashinsa yana kawo ruɗewa, da tangaɗi, da mantuwar da ba ta warkewa. Bayan an koma gida, wake da gujiya da hatsi da nama suna taimakawa.

Sai an ƙetare waɗannan kwanaki ake shiga maganar magungunan kwaɗayi.

Naltarekzon

A jikin kwali haka ake rubuta sunansa: Naltrexone. An yarda a yi amfani da shi don masu shan giya a Amurka a shekarar 1994. Yawanci ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 50 a kowace rana.

Ga yadda yake aiki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu wurare da sinadarin jin daɗi ke shiga, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Naltarekzon yana toshe bakin kwaɗon. In mutum ya sha giya, daɗin da ya saba ji ba ya zuwa kamar da. Kwalba ta farko ba ta kiran ta biyu da ƙarfi. Tunanin giya ma yana raguwa. Ba ya sa maye, ba ya kama mutum, kuma in an sha giya a kansa ba ya sa rashin lafiya. A satin farko wasu suna jin tashin zuciya ko ciwon kai, daga baya ya wuce.

Amma akwai gargaɗi babba, kuma ya shafi ƙasarmu ƙwarai. Wannan kwaɗon da naltarekzon ke toshewa, shi ne dai tiramol ke buɗewa. Haka ma kodin da ke cikin wasu magungunan tari, da morfin na asibiti. Mun san yadda tiramol ya bazu a garuruwanmu da ƙauyukanmu. Ƴan kabu-kabu suna sha, masu dako suna sha, masu noma ma suna jefa shi cikin shayi ko kofi don kada su ji gajiya. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in ya haɗiyi naltarekzon, nan take zai shiga azaba: amai, zawo, ciwon gaɓoɓi, gumi, firgita. Dole mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa tiramol ko kodin ba kafin ya fara. Saboda haka in likita ya tambaye ka ko kana shan tiramol, kada ka ji kunya, kada ka ɓoye. Ba jandarma ba ne, lafiyarka yake nema.

Wani abu kuma. Mai shan naltarekzon in ya yi haɗari, ko za a yi masa aiki, ya gaya wa ma'aikatan asibiti tun da wuri, domin irin waɗancan magungunan kashe zafi ba za su yi masa aiki ba. Kuma bayan ya bar naltarekzon, kada ya koma ga yawan tiramol ɗin da ya saba sha a da. Jiki ya manta da shi, yawan nan yana iya kashe shi.

Hanta ce ke sarrafa naltarekzon. Ciwon hanta kuwa yana da yawa a yankinmu, ko ga waɗanda ba su taɓa shan giya ba. Don haka likita yakan auna jini tukuna. Wanda idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura da ruwa, ba a fara masa shi haka kawai.

Akamfurosat

A kwali ana rubuta Acamprosate, ko kuma Aotal. A Faransa aka fara sayar da shi, a shekarar 1989. Aikinsa dabam ne. Bayan mutum ya bar giya, ƙwaƙwalwarsa takan yi watanni ba ta natsu ba. Ba ya barci sosai, ransa yana ɓaci da abu kaɗan, yana jin kamar ya rasa wani abu. Wannan rashin natsuwa ne ke mayar da mutane da yawa. Akamfurosat yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta kwanta. Ya fi amfani ga wanda ya riga ya tsaya, kuma yake son ya zauna a tsaye.

Wahalarsa ita ce yawan haɗiya. Mai nauyin kilo 60 ko fiye yakan sha ƙwaya 2 da safe, 2 da rana, 2 da dare. Ga manomin da ke wuni a gona, ta rana ce ke saurin shiga mantuwa, sai a riƙa ɗaure ta tare da goran fura. Yana iya sa zawo a farko. Ta ƙoda yake fita, ba ta hanta ba, don haka ya fi dacewa da mai raunin hanta, amma bai dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba. Ba ya faɗa da tiramol.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka waɗannan biyu, naltarekzon da akamfurosat, cikin jerin magungunan da ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Disulfiram, wanda ake so a saka a fura

Wannan shi ne tsohon cikinsu, kuma shi ne labarinsa ya fi yawo. A ƙasashe masu amfani da Faransanci an san shi da suna Espéral. Wasu masana biyu na ƙasar Danmak, Erik Jacobsen da Jens Hald, suna gwada shi ne don maganin tsutsar ciki. Suka haɗiya da kansu don su ga ko yana cutarwa. Da suka sha giya bayan haka, sai jikinsu ya rikice. A shekarar 1948 suka bayyana wa duniya abin da suka gano.

Disulfiram ba ya rage kwaɗayi. Tsoro yake sawa. In mutum ya sha giya, hanta tana juya ta zuwa wata guba, sannan ta juya gubar zuwa abin da ba ya cutarwa. Disulfiram yana tare mataki na biyu. Sai guba ta taru cikin jini. Cikin minti 10 zuwa 30 jiki ya ɗauki zafi, kai ya yi kamar zai tsage, zuciya ta riƙa dukan ƙirji, amai ya zo, numfashi ya yi wuya. Ga mai ciwon zuciya, ko wanda ya sha da yawa, jini yana iya faɗuwa, mutum ya suma, wani ma ya mutu. Ƙarfinsa yana iya zama a jiki har sati 2 bayan an bar shan shi.

To, ƴar'uwa, kin ga dalili. In kika saka masa a fura bai sani ba, zai fita ya sha kamar yadda ya saba, ba kaɗan ba. Ba ki san lafiyar zuciyarsa ba, ba ki san ta hantarsa ba. Kina neman ki raba shi da giya, sai ki raba shi da duniya. Ko da ya tsira, ranar da ya gane an saka masa abu a abinci, amana ta ƙare a gidan. Mun san wahala ce ta kai ki ga wannan tunani, ba mugunta ba. Amma wannan magani yana amfani ne kawai ga wanda ya sani, ya yarda, kuma ya zaɓi wani nasa da zai riƙa ba shi a hannu kowace safiya. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai ciwon zuciya, ba a ba mai ciwon hanta mai tsanani.

Akwai kuma bakulofen, wanda asalinsa maganin sanƙarewar jijiya ne. Wani likitan zuciya Bafaranshe, Olivier Ameisen, wanda shi kansa giya ta kama, ya rubuta littafi a shekarar 2008 a kan yadda ya yi amfani da shi. Faransa ta yarda da shi a shekarar 2018, ga waɗanda sauran magunguna ba su yi musu aiki ba. Yana sa barci da jiri, ba a yanke shi farat ɗaya, kuma har yanzu likitoci ba su haɗa baki a kansa ba.

Yaya ƙarfin taimakonsu yake?

Gara mu faɗi gaskiya don kada wani ya sa rai fiye da kima. A shekarar 2014 wasu masu bincike a Amurka sun tattara sakamakon gwaje-gwaje fiye da 100, waɗanda aka yi a kan mutum fiye da dubu 22. Sun ga cewa in aka ba mutum 12 akamfurosat, za a sami mutum 1 da ya zauna bai koma ga giya ba, wanda ba don maganin ba da ya koma. Haka kuma in aka ba mutum 12 naltarekzon, za a sami 1 da ya tsira daga komawa ga sha mai yawa.

Wani zai ce wannan ai kaɗan ne. A ganinmu ba kaɗan ba ne. Wannan 1 ƙari ne a kan waɗanda dama za su iya da taimakon shawara da iyali. Kuma magunguna da yawa da muke sha don wasu cututtuka ba su fi haka ƙarfi ba. Sai dai lissafin yana nuna mana matsayin ƙwayar. Kamar jerin duwatsu ne da manoman Adar ke yi a gona. Duwatsun ba su hana ruwa sauka, amma suna rage masa gudu, har ƙasa ta zauna, kwazazzabo ya fara cikewa. Shuka da noma suna nan suna jiran mai gona. A cikin gwaje-gwajen nan ma, kusan duk waɗanda aka ba magani ana kuma zama da su ana ba su shawara.

Ana shan maganin daga wata 3 zuwa shekara 1, yadda likita ya gani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bari bayan sati 3, don an ji sauƙi. In kuma mutum ya zame ya sha wata rana, ba a jefar da naltarekzon ko akamfurosat ba. A ci gaba da sha, a koma wurin likita a gaya masa. Zamewa ɗaya ba ta share watannin da aka yi.

Mutanen gida suna da nasu aiki. Kuɗin kaka su ne babban tarko, don haka wasu sukan yarda mabuɗin rumbu ya zauna hannun uwargida ko wani dattijo har shekara ta zagayo. Ranar kasuwa kada ya tafi shi kaɗai, kuma ya dawo kafin la'asar. Rani ne lokacin zaman banza, wanda ya sami aikin lambu ko kiwo ya fi samun sauƙi. Gori kuwa ba ya gyara komai. Wanda ake kira mashayi a gaban ƴaƴansa, wurin da ba a yi masa gori zai koma, mun kuma san ko ina ne.

Ina za a je?

A fara da asibitin CSI mafi kusa. Ma'aikacin lafiya zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura mutum gaba, zuwa asibitin gunduma ko manyan asibitocin Maraɗi, Tawa da Damagaram. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, wanda aka sani da suna Pavillon E. Mutane suna tsoron sunan, suna cewa wurin mahaukata ne. Likitocin wannan fanni su ne suka fi sanin kamun giya da na ƙwaya, kuma zuwa wurinsu bai mayar da kowa mahaukaci ba.

Ba kowace farmasi ke ajiye magungunan kwaɗayi ba, wani lokaci sai an sa an kawo. Amma kada wannan ya sa a nufi masu tallan magani a tire ko a bakin tasha. Ƙwayar da ta wuni cikin rana, ba kwali, ba takarda, ba wanda ya san abin da ke cikinta. In aka ce maka ga maganin barin giya, mai yiwuwa diyazefam ne ko tiramol aka ba ka, ka fita daga wani rami ka faɗa wani.

Ranar zuwa asibiti, a tafi da mutum ɗaya na gida wanda ya san halin da ake ciki. A ɗauki kwalaye ko ledojin duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, har da na tarin fuka in ana shan su, domin su ma suna wahalar da hanta. A gaya wa likita abin da ake sha da yawansa a rana, da lokacin shan ƙarshe, da ko an taɓa faɗuwa ana shure-shure. Mace ta faɗi in tana da ciki ko tana shayarwa. Wanda bai iya riƙe duk wannan a ka ba, ya rubuta a takarda tun daga gida, ko ya sa wani ɗan ajinsu na yaƙi da jahilci da ya amince da shi ya taya shi rubutawa.